Ramukan Uwar Gara

Bangon da ya raba ɗakin Amarya da na surukarta na ƙasa ne, kuma akwai wata tsaga can sama kusa da rufi, inda ruwan bara ya ci. Ta nan maganar ta riƙa zubowa. Amarya na zaune bakin gado tana ninke wanki da la'asar, sai ta ji muryar mijinta ta ɗaga a ɗakin uwarsa, abin da bai saba yi ba.

Cewa yake ya gaji. A tasha kowa ya san zancen, har tsokanarsa ake yi wai uwarsa na haƙa wa ɓeraye kaburbura a bakin titi. Shi da yake tuƙa babbar mota, yana da ɗaki biyu a birni da famfo a tsakar gida, a ce tsohuwarsa na saran ƙasa da diga cikin rana? Masu buga bulo sun nemi filin, tunda ga shi a bakin hanya. A sayar musu, kowa ya tattara a koma birni.

"Ka gama?" in ji Inna.

"Ban gama ba, Inna."

"To sha ruwa ka ci gaba, Direba. Na ji maƙogwaronka ya bushe."

Bai sha ba, ya ci gaba. Ta bar shi ya zazzage duk abin da ke cikinsa, sannan ita da kanta ta yanka sharaɗin. In kaka ta yi, rumbun bayan gida bai cika da gero har baki ba, za ta hau motarsa da ƙafarta, ya yi yadda ya ga dama da filin. In kuwa ya cika, kada ya sake tayar mata da wannan magana har ta koma ga Mai ita. Direba ya amsa da sauri, saboda ya ji a rediyo ana cewa daminar bana ba za ta yi tsawo ba.

Sai a lokacin Amarya ta lura riga ɗaya take ta ninkewa tana warwarewa. Babu kalmar da mijinta ya faɗa a ɗakin can wadda ba ita ta ɗora masa a baki ba. Ba ta taɓa ce masa a sayar ba, ko sau ɗaya, kuma tana alfahari da haka a ranta. Abin da take yi shi ne, in ya dawo daga tafiya ta ba shi labarin famfon yayarta, ko ta nuna masa kanta inda tulu ya cinye gashi, ko ta ce Allah sarki Inna, jiya da ƙyar ta miƙe. Shekarunta a gidan sun isa a daina ce mata Amarya, amma sunan ya bi ta, ita kuma har yanzu zaman baƙuwa take yi, irin wadda ba ta gama kwance kayanta ba.

Mutanen gari ba sa ce wa tsohuwar Inna sai a gabanta. A bayan idonta Uwar Gara ce. Ta san sunan, ba ta taɓa nuna ya dame ta ba.

Asalin abin tun rasuwar mijinta ne. Da aka zo rabon gonaki, ƙanin mamacin, wanda yara ke ce wa Baffa, shi ya tsaya a kan komai. Gonar kwari mai laima ya ce za ta fi ƙarfin mace, zai riƙe wa zuri'a. Ita da ɗanta aka nuna musu wani fako a bakin hanya, ƙasa ja mai tauri da ke ƙyalli da rana kamar bayan tukunya. Ko ciyawa ba ta fitowa a wurin. In an yi ruwa sai ya zame ta kai ya gangara titi, bayan ɗan lokaci ka taka ka ji ƙura. Ranar da aka nuna mata iyakar, Baffa ya ce cikin raha aƙalla ba za ta sha wahalar noma ba, tunda babu abin nomewa. Mutane suka yi dariya. Ita ma ta yi.

Masu ba da labarinta sukan ce haƙuri ne ya kai ta inda ta kai. Wanda ya zauna da ita ya san ba haka ba ne. Haushi ne ya haƙa ramin farko. Dariyar nan ta tsaya mata a wuya, ta rantse a ranta sai Baffa ya tsaya a bakin filin nan ya rasa abin faɗa.

Daminar farko ta watsa iri, ruwa ya kwashe. Ta biyu ma haka. A lokacin tana ɗaure jakinta a gefen filin, da ta tumɓuke turken sai ya bar rami, kashin jakin da ɗan kara suka taru a ciki. Wata safiya ta zo ta tarar da tsiron gero guda a ramin, kore shar, shi kaɗai a duk faɗin wurin. Ta durƙusa ta tona gefensa da yatsa. Ƙasar ta yi laushi, duk ta huje da ƙananan hanyoyi, gara na kai da kawowa a ciki. Abin da kowa ke zuba wa toka da kalanzir a gida, shi ne ya shiga ƙarƙashin fakon yana cin taki yana buɗa wa ruwa hanya.

Daga wannan shekara ta sayi diga. Tun rani take farawa, lokacin da maza ke kwance a inuwa suna jiran hadari. Rami kamar faɗin ƙwarya, zurfinsa ya shanye hannu zuwa wuyansa, taku guda ta sake wani, layi na gaba kuma ta saɓa shi da na baya yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. Ta bi gidajen masu awaki tana share musu turke kyauta. Ta zuba taki cikin tafin hannu a kowane rami, ta bar wa gara. An ce an taɓa jin ta tana yi musu sannu da aiki. Da aka tambaye ta sai ta ce su ne kaɗai 'yan ƙwadagon da ba su taɓa ce mata sai gobe ba. Da geron ramukan nan ta raini Direba har ya zama mutum, kowace shekara kuma tana ƙara cin fakon gaba kaɗan.

Bana, saboda sharaɗin, ta ƙudura sai ta haƙe sauran ɓangaren da ya rage ta wajen titi. Direba ya koma bakin aikinsa. Ba a daɗe ba kwankwasonta ya riƙe. Da safe aka ga ba ta fito ba, Amarya ta leƙa ta same ta kwance a tabarma, fuskarta a bango, tana zagin ƙashinta ƙasa-ƙasa kamar wanda ya ci amanarta.

Inna ba ta iya roƙo ba. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi ko an ba kaji ruwa, ta ce digar na bayan ƙofa kada tsatsa ta ci ta a banza. Amarya ta gane, ta ce za ta je. Sai tsohuwar ta juyo ta yi mata bayani dalla-dalla, faɗi da zurfi da tazara, ta ƙare da cewa ƙasar da aka tono a tara ta a bakin ramin ta yamma, a lanƙwasa ta kamar jinjirin wata. Filin a ido shimfiɗe yake, amma yana da gangara, ruwa daga gabas yake tahowa. Tudun ƙasar shi ke tare shi ya zauna a ramin.

Amarya ba ta san ƙasa na iya mayar da duka ba sai ranar. Ta ɗaga diga ta sara, ƙarfen ya yi tsalle, zafin ya bi ta hannu har haƙora. Kafin rana ta take tafinta ya yi bororo, kafin mako ya fashe ya zama kanta. Tana aiki tana kallon motocin da ke wucewa zuwa birni, wasu fasinjoji na leƙowa ta taga suna nuna ta.

Da sassafe take zuwa, kuma don kada rana ta dake ta a ido sai ta ba gabas baya. Mai sara da diga gabansa yake sara, ya jawo ƙasa wajen ƙafafunsa. Haka ƙasar ta riƙa taruwa ta gabas. Ta yi layi biyu ko uku kafin ta ɗago ta dubi tsofaffin ramukan Inna, ta ga duk tudunsu na ɗaya gefen. Ta tsaya da digar a hannu. Gyaran ba zai ɗauke ta wani lokaci ba. Ta ce wa kanta bari ta ƙarasa wannan layin tukuna. Da ta ƙarasa ta ce ai ƙasa ƙasa ce, tsohuwa ce kawai da son a yi komai yadda ta saba. Washegari ba ta ce wa kanta komai ba, ta ba gabas baya ta ci gaba. Ramukanta sun fi na Inna kyau, bakinsu a zagaye kamar an auna, kuma da a ce wani ya tare ta ya tambaye ta ko da gangan take yi, da ta rantse ba da gangan ba ne, da kuma ba ta yi ƙarya duka ba.

Ta zuba taki, gara ta zo. Bazara ta shigo da zafinta, kowa na kallon gabas.

Ranar da hadarin farko ya haɗo, da hantsi ne. Inna ta ce a miƙo mata sanda. Amarya ta ce jikin bai yi ƙwari ba, tsohuwar ta ce ba jikin za ta aika ba, ita za ta je. Suna isa bakin filin iska ta kaɗa, ƙanshin ƙasa ya tashi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Suka fake a gindin wata aduwa da ba ta tare komai.

Amarya ta sha ganin ruwan sama a kan filin nan daga nesa, ba ta taɓa tsayawa a cikinsa ba. Ruwan ya taho daga gabas a shimfiɗe, ja, yana gudu kamar an koro shi. Da ya iso ramukan Inna sai gudun ya karye. Kowane tudu ya buɗe hannu ya tare rabonsa, wanda ya kuɓuce ya faɗa na bayansa, har filin ya zama ƙorai ba iyaka, kowace cike, kowace da nata guntun sararin sama a ciki. Da ruwan ya tsagaita sai ta ji wani sauti da ba ta san da shi ba, ƙasa-ƙasa, ta ko'ina, kamar garke na shan ruwa. Ramukan ne ke haɗiya. Tana kallo ruwan ke sauka ta hanyoyin gara, yana shiga inda diga ba ta taɓa kaiwa ba. Mace ɗaya, da ƙarfe ɗaya, da ƙwarin da ake kashewa, sun koya wa dutse shan ruwa.

Sannan ta juya wajen titi. A nata ɓangaren ruwan na zuwa ya daki tudun, ya rabu biyu, ya kewaye ramin ya wuce abinsa. Abin da ya shiga ciki bai fi wanda ya faɗo daga sama kai tsaye ba. Sauran ya taru ya yi kwata, ya gangara titi.

Inna ta daɗe tana kallo, ruwa na ɗiga daga haɓarta.

"Ta yamma na ce, ko?"

"Ta yamma kika ce, Inna."

"To."

Ba ta ƙara ba, a ranar ko bayanta. Amarya ta so a ce ta yi faɗa. Ta shirya amsoshi, rana, ciwon hannu, rashin sabo, ba a ba ta inda za ta ajiye su ba. Suka yi shuka tare, tsohuwar na jefa iri daga tsaye tana rufewa da ƙafa, tana ba ta labarin wata akuya da ta taɓa yi mai cin sabulu.

Gero ya tsiro ko'ina a garin, aka yi noman farko, sai sama ta ɗauke. Hadari ya haɗu da yamma, ya yi ta ruri, iska ta watsa shi. Mako ya bi mako. A gonakin mutane ganye ya nannaɗe ya koma kalar toka, har gonar kwarin Baffa ta fara ja daga gefe. Maza suka daina zancen a majalisa, kowa ya zauna yana kallon ƙafarsa. A ɓangaren Amarya tsiron ya kai tsawon hannu ya tsaya, sannan ya kwanta.

Na Inna kuwa yana tsaye. Da rana yakan ɗan sunkuya, da safe ya miƙe kore kamar ba a garin yake ba. Masu wucewa a mota suka daina nuna mutum, suka koma nuna gero. Wata safiya Amarya ta durƙusa gindin wani, ta kawar da busasshiyar ƙasar sama, ta tura hannu. Yatsunta suka shige ba wuya. Can ƙasa ta ji sanyi, ta damƙo ƙasa ta fito da ita a dunƙule, da danshi, ruwan da ya sauka tun ranar da suka tsaya gindin aduwa. Ta zauna a wurin da dunƙulen a hannu har ya bushe.

Washegari ta ce za ta je itace, ta ɗauki fartanya. Rami bayan rami ta riƙa kwashe tudun daga gabas tana mayar da shi yamma. Ta san geron ya riga ya mutu, ta san ba mai mayar da shi, ba ta kuma tsaya tambayar kanta amfanin me ba. Kullum ta dawo ba itace, Inna ba ta tambaya. Ranar da ta gama, ta tarar da ƙwarya a ƙofar ɗakinta an rufe da faifai. Irin wake ne, mai saurin nuna, wanda tsohuwar ke ɓoyewa cikin toka a tulu. Ta shuka shi a ramukan da ta gyara.

Ruwa ya dawo a makare, ya yi abin da zai yi ya tafi da wuri, kamar yadda rediyo ta faɗa. Ya ishi geron Inna ya fitar da kai ya cika ido. Ya ishi waken ya yaɗu ya rufe ramukan wajen titi. Mafi yawan gari kara suka girba. Ana cikin yankan gero sai ga Baffa, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin filin ya daɗe, sannan ya tambayi zurfin ramin nawa ne. Wannan ita ce ranar da Inna ta yi shekaru tana jira. Amarya ta saci kallonta don ta ga daɗin a fuskarta, ba ta ga komai ba sai gajiya. Tsohuwar ta kama hannunsa ta nuna masa daidai wuyan hannu, ta ce ya turo jikokinsa da rani ta nuna musu, su zo da takinsu don ita ba ta da na rabawa.

Aka ɗaure dammuna aka kai gida, aka jera a rumbu. Amarya ce a sama tana karɓa. Da na ƙarshe ya shiga ta miƙa hannu daga baki, ba ta taɓo gero ba sai da ta zura har kafaɗa. Abin da ya rage ɗin, ta san daga wane ɓangaren fili ya kamata ya fito.

Ta sauko ta ce a fitar a sake jeri, a shimfiɗa kara a ƙasa, ba wanda zai sani. Ko kuma a jira wake a zuba a kai, ai shi ma amfanin gona ne. Inna ta ce gero ta ce, ba ta ce wake ba, kuma ba ta taɓa yi wa ɗanta ƙarya ba, ba yanzu da tsufa za ta fara ba. Ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kayanta a zane. Ba su da yawa.

Direba ya iso da hantsi, motar ba kaya, ya tsayar da ita a ƙofar gida. Tun daga birni yake ratsa gonaki ƙonannu, ya zo yana tausaya wa uwarsa, har ya shirya kalaman da zai rarrashe ta da su. Sai da ya kawo daidai filin ya taka birki ba shiri. Kututturan gero masu kauri, da wake kore har bakin kwalta. Yanzu ya hau tsani ya leƙa rumbun, ya daɗe kansa na ciki fiye da yadda dubawa ke bukata. Shi abin da yake so tun farko, a gan shi yana ciyar da uwarsa. Ga shi yana kallon abincin shekara, a shekarar da masu gonar kwari za su sayi hatsi a kasuwa.

"Bai cika ba," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba.

"Bai cika ba," in ji Inna. Ƙullin kayanta na gefen ƙafarta.

Ya juya wajen matarsa ya ce ta fito da nata kayan. Amarya ta ce ba ta haɗa ba. Wake bai gama bushewa ba, in aka bar shi awaki za su shiga, bayan wake kuma akwai ramukan da ruwa ya cike da ƙasa, sai an yashe su tun kafin zafi. Su je, ita tana nan.

"Ke? Ba ke ce kika..." Ya tsaya. Ya laluba cikin shekarun aurensu yana neman ranar da ta ce a sayar, bai samu ba. Ya dubi hannuwanta, ya dubi uwarsa, uwar na kallon kaji.

Ya sunkuya ya ɗauki ƙullin. Ya nufi ƙofar gida da shi, ya yi taku kaɗan, sai ya karkata ya shiga ɗakin Inna ya ajiye shi a kan gado. Da ya fito ya ce ya manta, motar a cike take wannan zuwan, babu wurin fasinja. Masu bulo kuma dama surutunsu ya fi cinikinsu yawa. Ya ce yana sauri, ko ruwa bai sha ba.

Suka raka shi. Motar na tsaye, bayanta wayam, har ana hango katangar maƙwabta ta tsakanin katakanta. Inna ta dafa ƙyauren ƙofa, ta leƙa ta dube ta tun daga kai har wutsiya.

"Lallai ka yi lodi, Direba. Ka tafi a hankali kada iskar ta zube. In za ka dawo ka taho mana da diga biyu, ta Amarya a sa mata gajeriyar ƙota."